Shekarar da Kurmi ta Kasa Kama Ni

Duk sunan da aka yi a gidan nan, duk ɗaurin aure, da an ci an sha hira ta miƙa, sai wani cikin ƙannena ya ɗauko zancen ranar da aka bi ni da ihun ɓarawo a Kasuwar Kurmi. Kowa da gishirin da yake ƙara masa. Wani ya ce jaki na tsallake da kayansa, wani ya ce ta saman rumfuna na bi. Ku kuma, 'ya'yana da jikokina, sai ku yi ta dariya kuna satar kallon sandar da nake dogarawa, kuna son ku haɗa tsohon nan da wancan labari abin ya ƙi haɗuwa. To, an bi ni, wannan gaskiya ne. Ba a kama ni ba, shi ma gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne dalilin gudun, da abin da ya jawo tsakanina da mahaifina. Shi zan rubuta muku, tun muryoyin mutanen suna cikin kunnena.

Gidanmu na Soron Ɗinki gidan allura ne. Mahaifina, da kowa a gida ke kira Malam, aikin babbar riga yake yi da hannu, irin wadda ake shafe watanni ana zuba wa zanen aska a ƙirji. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ko dai "kai", ko "yaron nan". Buzun da ke damansa a zaure nawa ne tun ina ƙarami, duk unguwa kuma ta san ni zan gaji wurin. Na zaga ƙasashe da yawa bayan haka, na ga masu mulki da masu dukiya, amma ban ga wanda ya kai Malam iya tafiya ba. Ko ruwan sama ne ya tsuge, kowa na neman wurin fakewa, shi takunsa ba ya canzawa. Yakan ce babba ba ya gudu a cikin gari sai in ya ɗauki abin wani ko kuwa tsoro ya kama shi, kuma ba ya son a ga ko ɗaya a jininsa.

Ƙwallon kwando a makarantar sakandare na same ta, can wajen ganuwa. Malam bai hana ba, bai kuma tambaya ba; a wurinsa wasan yara ne da zai wuce kamar langa. A gida Dogo ake ce mini, don sai na sunkuya nake shiga zaure. A fili kuwa, cikin 'yan Binuwai da 'yan Filato da wasu 'yan Borno masu kama da giginya, sunana Gajere. A shekarar da nake ba ku labari na gama makaranta, ana kuma tace waɗanda za su wakilci jiha a gasar da za a yi a Kaduna bayan damina. Mai tacewar wani tsohon soja ne daga wajen Jos, Koci Yohanna, mutum mai ƙaramar murya da ba ya maimaita magana. Wata rana bayan atisaye ya yafito ni.

"Gajere, ka san abin da zai sa in ajiye ka?"

"Tsawo, Koci."

"Tsawo ba laifinka ba ne, je ka tambayi babanka. Laifinka ƙafa. Kai motar itace ce. In ka ɗau hanya ba mai kamo ka, amma a ce ka tsaya ko ka juya, sai an tara mutane an yi addu'a."

Aka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Ya ja ni tsakiyar fili ya ce in duba iyakarsa. Wurin nan, in ji shi, bai kai a yi dogon gudu a cikinsa ba. Duk abin da za a yi, a takun farko ake yin sa, sai kuma a tsayawa. Wanda ya riga tashi ya wuce, wanda ya riga tsayawa ya samu sararin jefawa. Ya lanƙwasa gwiwa, ya sauke ƙugu kamar mai shirin zama a kujerar da babu ita, ya ɗan ɗaga dunduniya nauyinsa ya koma gaban tafin ƙafa, sannan ya zame gefe ya dawo ba tare da ƙafa ɗaya ta haye ɗaya ba. Mutum mai furfura, amma ban ga lokacin da ya bar gabana ba.

"Dogaye sun ishe ni," in ji shi. "Abin da ba ni da shi, wanda zai tsaya a gaban Tunde. In ka zama shi kafin ruwa ya ɗauke, ka shiga mota. In ba haka ba, ka koma wa allurarka."

Tunde shi ne mai raba ƙwallo na 'yan Ikko. Bai fi ni tsawo da yawa ba, amma a gasar da ta gabata ya mai da masu tsaronmu abin dariya. Har akwai wanda ya yanka, mutumin ya zauna daɓas a ƙasa ba tare da an taɓa shi ba.

Matsalata lokaci ce. Fili na can waje, Malam kuwa bai yarda in riƙa barin zaure kullum ba. Da asuba, bayan an idar da salla, sai in wuce Dala in hau in sauko, in hau in sauko, har cinyoyina su kama rawa da kansu. A gindin dutsen in yi tsallen kwaɗo, abin da a makaranta horon mai laifi ne. Wata tsohuwa mai koko ta taɓa ajiye ludayi ta ce, "Ɗan nan, wa ya sa ka? Faɗa mini in je in ba shi haƙuri." Dala ta ba ni ƙarfi a cinya da sharaɓa, amma ba ta koya mini tsayawa ba. Wannan a wurin aike na same shi.

Ni ke kai rigunan da aka gama rumfar Alhaji Mamuda dillali a Kurmi, in karɓo yadi da zare. Sai na fara ɗora ƙunshin a ka, in dafe da hannu ɗaya, in na shiga lungun da ba kowa in zuba da gudu. Wani lokaci ma ta unguwar Mandawari nake zagawa don hanya ta yi tsawo. Ku da kuka tashi a unguwannin da mota ke shiga har ƙofar ɗaki ba ku san lungun cikin gari ba. Ba ya miƙewa. Ka yi taku kaɗan ya karya dama, ya sake karyawa hagu, ga kwata a tsakiya, ga akuya kwance, ga ɗan garuwa da gwangwanayensa suna lilo a sanda. Riga kuwa ba ta faɗuwa, ba ta gogar bango, don aikin watanni ce. Dole kai ya tsaya cak ƙafa ta yi aikin. A wurin ɗan garuwa na gane cewa in kana son sanin inda mutum zai nufa, kada ka kalli kayansa ko fuskarsa, ƙugunsa za ka kalla. Amma babban malamina gaisuwa ce. A cikin gari kowace kwana akwai dattijon da ya san babanka, yana zaune a dakali ko yana tafe da carbi. Ba a wuce shi a tsaye, balle a guje. Ina cikin tsananin gudu zan karya kwana in yi kiciɓis da wani, a take sai in taka birki, in rusuna har ƙasa da ƙunshina a ka, in haɗiye haki.

"Barka da rana, Baba."

"A'a, ɗan Malam Habu ne? Yaya Malam ɗin? Yaya Goggonka? An gama rigar liman kuwa?"

In amsa duka a natse, cinya tana ci da wuta. Da ya ba da baya na sha kwana, daga durƙuson nan zan tashi kamar an harba ni. Tsakanin gidanmu da kasuwa ban san iyakar dattawan da nake tsaya wa ba. Daga baya na ga yadda wasu ke neman abin nan. A Dakar, inda na yi wasa na koyi Faransanci, a yashin bakin teku ake gudu tare da 'yan kokawa. A Alƙahira matakalar filin wasa suke hawa har mutum ya ga jiri. A Faransa robobi masu tsini aka jera mana a ƙasa muna zagayawa, ga na'ura tana auna tsallen kowa. Duk suna da amfani, na'urar ma da na same ta da wuri da ta gaya mini ranar da ya kamata in huta, da yau ban riƙe sanda ba. Sai dai roba ba ta motsi, ba ta kuma san babanka ba. Wanda bai tsaya mata ba, ba abin da zai same shi in ya koma gida.

Damina ta yi nisa, na fara jin ƙafata tana amsa mini kafin in gama tunani. Ran nan da hantsi na ɗauko riguna, jikina yana mini daɗi, lunguna suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kullum a bakin kasuwa nake mai da gudu tafiya. Ranar ban farga ba sai da na ga kaina a tsakiyar 'yan ƙwarya, saurayi da ƙunshin manyan riguna a ka, a guje. Wani ya ce, "Kai!" Wani daga baya ya ce, "Ɓarawo!" Shi ke nan, kasuwa ta ɗauka.

Kuna yawan tambayata me ya sa ban tsaya na yi bayani ba. Wanda ya san kasuwa ba zai yi wannan tambaya ba. Duka ake fara yi, tambaya sai in mutum ya yi saura. Wuri ɗaya ne a duk Kurmi da za a shaide ni kafin a taɓa ni, rumfar Alhaji Mamuda, tana kuma can ɗaya gefen. Na sauke ƙugu na shiga. Wani ɗan dako ya buɗe hannuwa ya tare hanya, na kalli ƙugunsa na ga ya ba da nauyi dama, na bi hagu. Wani ya jefo sanda a ƙafata na ɗaga ta wuce. Na ratsa 'yan fata, na karya ta 'yan turare, wani mahauci ƙaƙƙarfa ya fito daga gefe har na ji iskar hannunsa a wuyana, na tsaya cak, ya wuce ni da ƙarfinsa ya rungumi tarin tabarmi. Ba jaki, ba saman rumfa. Ƙasa na taka tun daga farko har ƙarshe, ban kuma ture ko faifan mai goro ba. Na iso rumfar Alhaji, na durƙusa, na sauke ƙunshi a gabansa.

"Salamu alaikum, Alhaji. Malam yana gaisuwa."

Kafin ya amsa, taro ya cika ƙofar rumfa, kowa da abin da ya rarumo.

"Lafiya? Wa kuke bi?" in ji Alhaji Mamuda. "Wannan ai ɗan Malam Habu ne na Soron Ɗinki. Kayana ya kawo mini."

Mahaucin nan ya ratso, ya dafa gwiwoyinsa yana haki, ya dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji," in ji shi, "wallahi ko ɓarawon ne a ƙyale shi. Ya yi guminsa."

Kasuwa ta fashe da dariya. Ni ban yi ba, don na san labarin zai riga ni isa gida.

Ya kuwa riga ni. Bayan la'asar Malam ya sa aka kira ni zaure. Ƙanensa Baffa Ilu, mai sayar da huluna, yana zaune a gefe. Malam bai dube ni ba, allurarsa ba ta tsaya ba, da Baffa yake magana kamar ba na wurin.

"Ilu, tun da aka kafa gidan nan an taɓa kiran wani a cikinsa da sunan da aka kira yaron nan yau?"

"Kuskure ne, Yaya. Ai an gane."

"An gane. Amma an faɗa. Bakin da ya faɗa yana nan, kunnen da ya ji yana nan. Gaya masa ƙwallo ta ƙare."

Sai ga murya daga bayan ƙofar cikin gida. Goggo Hajara ce, yayar Malam, wadda ta dawo gida da zama tun rasuwar mijinta. Ita kaɗai ce a duniya ke kiran sa da sunansa tsirara.

"Habu, kasuwa guda ta bi ɗanka ta kasa taɓa rigarsa, kai kuma kana zaune kana jin kunya? Ni da na ji sai da na yi guɗa."

"Yaya, maganar maza muke yi."

"Mazan da suka faɗa cikin tabarmi? Kakanmu da ƙafa ya je Gwanja ya dawo. Da abin da ƙafar ta samo aka gina zauren da kake zaune."

"Tafiya ya yi, Yaya. Ba gudu ba."

"Kana nan lokacin da 'yan fashi suka biyo su?"

Baffa Ilu ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ni kuwa na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi wa Malam magana ba tare da ya tambaye ni ba. Na ce ba zan taka fili ba in bai yarda ba, ko da kuwa za a ɗauke ni a kai. Amma ina roƙon ya bar ni in je Kaduna sau ɗaya, don abin da nake yi ba wasan yara ba ne, aiki ne da ake koyo kamar kowane aiki. Sai da Malam ya kai ƙarshen layin da yake ɗinkawa ya ciji zare.

"Ilu, za ka bi shi. Ka gano mini da idonka. In shiririta ce, ka faɗa mini, daga ranar an rufe zancen. Kafin nan, kada in sake jin ya ɗaga ƙafa a cikin ganuwar nan." Ya zare wani zaren ya lashi bakinsa. "Allura kuma ba ta jiran mai tafiya. Sabo ya dawo nan daga gobe."

Ya nuna buzuna da haɓa. Sabo ƙanena ne mai bi mini. Na ce na yarda, da sauri ma na faɗa, don murnar Kaduna ta rufe mini ido. Sai washegari, da na shigo na tarar da Sabo a daman Malam, Malam ya kama yatsunsa yana gyara masa riƙon allura kamar yadda ya yi mini shekara da shekaru, sannan na san abin da na bayar. Ko Kaduna ta yi kyau ko ta ɓaci, wurin nan ya tafi. Har yau ban iya ƙarasa aska da hannuna ba. Rigar da na ɗaura aurenku da ita, Sabo ne ya yi.

Dala da lunguna duk suna cikin ganuwa, saboda haka suka haramta gare ni. Na koma fita ta Ƙofar Na'isa a natse kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, in na tsallaka sai in tuɓe riga in yi ta hawa tudun ganuwa ta waje, in yi ta zamewa gefe da gefe a yashin da ruwa ya tara. Da ruwa ya ɗauke, Koci Yohanna ya jera mini masu saurin ƙungiya ɗaya bayan ɗaya ya ce su wuce ni. Da suka gama, bai yabe ni ba. Cewa ya yi, "Wa ya gyara wa motar nan birki?" Ya jefo mini rigar 'yan wasan jiha.

A Kaduna muka yi ta cin wasanninmu har muka kai na ƙarshe, muka tarar da 'yan Ikko suna jira. Baffa Ilu bai fasa zuwa ko wasa ɗaya ba. Yana zaune a tsakiyar 'yan kallo da babbar riga da lema, bai san dokar komai ba. Ranar farko da ya ga gajeren wandon da muke sawa sai da ya yi salati, ya ce, "Wannan dai ba zan faɗa wa Yaya ba."

An busa usur da yamma, rana ta yi sanyi. Tunde ya karɓi ƙwallo ya tunkaro ni yana buga ta ƙasa a hankali, yana murmushi. Ya kaɗa ta dama na bi, kafin in ankara yana bayana ya zura. Ya sake dawowa, ya kalli hagu da ido na tafi, ya bi dama. 'Yan kallo suka ɗau sowa. Koci ya nemi a tsaya, ya kama ni ta wuyan riga.

"Me kake kallo?"

"Ƙwallo, Koci."

"Ƙwallo maƙaryaciya ce. Idonsa ma maƙaryaci ne. Cibiyarsa za ka kalla, ita ba ta zuwa inda ba ya zuwa. Sauka ƙasa!"

Abin da na riga na sani ne, tsoron sunansa ne ya mantar da ni. Na koma na sauke ƙugu har na ji Dala a cinyata, na kafe ido a tsakiyar rigarsa. Ya kaɗa ƙwallo, ban motsa ba. Ya jefa kafaɗa, ban motsa ba. Da ƙugunsa ya tafi da gaske, ya tarar da ni a can ina jiransa. Ya ja baya ya sake gwadawa ta ɗaya gefen, ya sake tarar da ni. Dole ya miƙa wa wani. Haka muka yi ta yi, duk inda ya juya ƙirjina ne a gabansa. Murmushin ya tafi. Can ya ce mini da Turancin Ikko, wai wane ne ya aiko ni, me ya yi mini. Daga baya mun zama aminai, a bakinsa na koyi Yarabanci, har ya rasu kuma yana ce mini Ƙofa. Amma a ranar ban amsa masa ba, don ba ni da numfashin da zan ɓatar.

Da aka toshe shi, wasansu ya daina gudana, dogayenmu suka samu ƙwallo suka yi ta zurawa. Muka kamo su. Ana dab da tashi suna gabanmu da maki ɗaya, ƙwallo kuma a hannun Tunde. In ya riƙe ta har a busa, sun ci. Ƙafafuna sun yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, na san nasa ma haka. Ya taho da ƙarfi ta dama, na bi shi kafaɗa da kafaɗa, sai na ga ƙugunsa ya ɗan zauna. Tsayawa zai yi ya juya, ya bar ni in wuce. Muka tsaya tare. Ƙwallon tana tasowa daga ƙasa zuwa hannunsa na hagu na sa yatsu na zungure ta, ta gangara bayansa. Daga durƙuson nan na tashi. Ban taɓa yin taku irin na ranar ba, ban kuma sake ba. Na tsince ta a tsakiyar fili, ina jin takunsa a bayana da ihun mutane kamar ana ruwa a kwano, na buga, na buga, na tashi da ƙafar hagu na ajiye ƙwallon a jikin allon kwando. Na ga ta shiga kafin gwiwata ta daki ƙarfen da ke riƙe da kwandon. Ina kwance aka busa, mun ci da maki ɗaya.

Mutum na farko da ya iso kaina ba ɗan wasa ba ne. Baffa Ilu ne, ya tattare babbar riga a kafaɗa, hula ta faɗi, lema ta ɓata, yana ture dogaye yana ihu.

"Ɗanmu ne! Ɗan Soron Ɗinki ne! Ku matsa, ɗan yayana ne!"

Kafin mu bar Kaduna wani mutum ya zo wurin Koci ya ce ana son Gajeren nan a sansanin da za a tace 'yan wasan ƙasa a Ikko. Koci ya ce in amsa. Na ce amsar tana Kano.

Mun iso gida da hantsi, gwiwa ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Malam na zaure, Sabo a damansa. Na cire takalmi, na cije na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na zauna a kan ƙafafuna kamar yadda ɗa ke zama gaban uba, zafi yana hawa mini har ƙeya. Goggo na bayan ƙofa, ina jin ƙarar awarwaronta.

"To, Ilu. Me ka gani?"

"Yaya, ni ban san kan wasan ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na san aiki in na gan shi. Akwai wani Bayarabe, duk garin tsoronsa ake ji, in ya taho sai ka ce guguwa. Yaron nan ya tsaya a gabansa ya hana shi wucewa, bai ture shi ba, bai riƙe masa riga ba. Da ƙafa kawai. Gudun da na gani ba na mai tsoro ba ne, Yaya. Shi ake tsoro."

"Salla fa?"

"A kan lokaci. Ni nake ja."

"Ya zagi wani?"

"Shi dai aka zaga, da yare kala-kala. Bai tanka ba." Baffa ya gyara zama. "Sun ce suna son sa a Ikko, cikin waɗanda za a zaɓa su tsaya wa ƙasa gaba ɗaya. Ya ce musu sai abin da ka ce."

Malam ya ci gaba da ɗinki. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan tabarma, ƙafar ta fara rawa, na danne ta da hannu don kada a gani. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai na ji allura ta tsaya.

"Kai. Miƙe ƙafar nan."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Sabo ya ɗago ya dube ni, Baffa ya dubi ƙasa. A zauren nan ko baƙo mai furfura bai taɓa miƙe ƙafa a gaban Malam ba.

"Da kai nake."

Na miƙe ta a hankali, har tafin ya kusa taɓa buzunsa. Ya soke allura a jikin riga ya ajiye ta gefe. Ya matso, ya ɗora yatsunsa a kan gwiwar, yana latsawa a hankali ta nan da ta can kamar yadda yake duba yadi kafin ya yarda ya sa masa zare. Ya gangara ya taɓa sharaɓar, ya matsa ta, ya ji taurinta. Ya daɗe hannunsa na wurin.

"Sabo, karɓo man kaɗanya wurin Goggonku." Ya juya wajen Baffa. "Yaushe suka ce ya je Ikkon?"

"Bayan Salla, Yaya."

"To, ya kwantar da ita har lokacin. Gidan nan ba ma kai wa mutane aikin da ba a gama ba."